Taku Biyu Tsakanin Kwamfuta da Kwamfuta

Sharhin namu na yau a kan wata 'yar matsala yake, wadda ba a kai ta gaban hukuma, ba a kuma kira mata taron manema labarai, amma tana cinye wa mutane kuɗi da lokaci, wani sa'in ma ta cinye musu aikin shekara guda cur. Matsalar ita ce yadda za a kwashe abin da ke cikin wata kwamfuta a zuba shi a wata, alhali su biyun a gida ɗaya suke, watakila ma a kan tebur ɗaya.

Shekara 20 da suka wuce, in aka ce akwai gida mai kwamfuta biyu a Bomo, sai a ɗauka zuzutawa ce. Yau ba haka ba ne. Bomo na maƙwabtaka da Samaru a Ƙaramar Hukumar Sabon Gari da ke yankin Zariya, kuma Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a watan Oktoban 1962, ta daɗe da tumbatsa ta ƙetare katangarta. Malamai da ma'aikata da ɗalibai sun bazu a Samaru da Hayin Dogo da Zango da Palladan da Bomo, wasu a gidajensu, wasu a haya. Ga kuma ma'aikatan Cibiyar Binciken Aikin Gona, wadda tushenta ke komawa 1922. A irin waɗannan gidaje za a tarar da tsohuwar kwamfutar tebur ta maigida an lulluɓe ta da zane saboda ƙurar hunturu, ga laftof ta ɗansa da ke ajin ƙarshe, ga wata ta hannu da uwargida ta saya a Sabon Gari don lissafin sana'arta ko sakamakon ɗalibanta. Kowace da kayanta a ciki: takardun lacca, furojet, hotunan biki da suna, tafsirin azumi na shekara da shekaru, takardun fili da aka ɗauki hotonsu don gudun ɓacin rana.

Maganar ta ƙara tasowa tun daga 14 ga Oktoban 2025, ranar da kamfanin Microsoft ya daina bai wa Windows 10 kariyar da ya saba bayarwa kyauta. Tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su cika sharuɗɗan ɗaukar Windows 11 ba, don haka mai hali sai ya nemi wata. Da zarar sabuwa ta shigo gida, tambaya ta farko ita ce: kayan da ke cikin tsohuwar fa?

Abin da yawancin mutane ke yi sananne ne. Ƙanwa ta leƙo ɗaki ta ce, "Yaya, don Allah turo mini hotunan walimar nan," shi kuma ya ce, "Buɗe WhatsApp ɗinki." Malami ya aika wa kansa da saƙon imel daga wannan kwamfuta, ya juya kujera ya buɗe shi a waccan. Wani ya ɗora komai a Google Drive, ya koma ɗaya ɓangaren ya sauke. Aiki yana biya, ba a musu. Amma a duba tafiyar da fayil ɗin ya yi. Ya tashi daga Bomo ya hau ƙarfen sabis, ya bi wayar ƙarƙashin ƙasa ya nufi kudu, sau da yawa ya ratsa teku zuwa wata ma'ajiyar bayanai a Turai ko Amurka, sannan ya juyo ta wannan hanya ya dawo ɗakin da ya baro. Tazarar da ake son ya yi ba ta fi taku biyu ba. Kuma mai gidan ya biya kuɗin mota zuwa da dawowa: kayan giga 10 sai sun ci data giga 20, rabi wajen ɗorawa, rabi wajen saukewa. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kuɗi har kashi 50 cikin 100 a watan Janairun 2025, wannan lissafi ya daina zama abin da ɗalibi zai kau da kai a kansa.

Ban da kuɗi, kowace hanya da iyakarta. Gmail ba ya ɗaukar abin da ya wuce megabait 25 a liƙe da saƙo ɗaya. Google na bayar da giga 15 kyauta, kuma a cikinsu ne saƙonnin imel da hotuna ke zaune. WhatsApp ya ɗaga iyakarsa zuwa giga 2 a 2022, amma in aka tura hoto ko bidiyo yadda aka saba, sai ya matse shi ya rage masa kyau, sai fa in an tura shi a matsayin takarda. Mai ɗaukar hoton biki da ya tura wa kansa aikinsa ta wannan hanya, ya kuma goge na asali, ya yi asarar da ba zai lura da ita ba sai ranar da ya je wanke babban hoto na bango.

Sannan intanet ɗin kanta ba kullum take nan ba. Mutanen Jihar Kaduna ba su manta da ƙarshen Satumban 2021 ba, lokacin da aka katse layukan sadarwa a wasu sassan jihar saboda matsalar tsaro, aka shafe kusan wata biyu a haka. Ranar 14 ga Maris na 2024 kuma, manyan wayoyin ƙarƙashin teku da ke gaɓar Afirka ta Yamma suka samu matsala a rana ɗaya, intanet ta yi ta jan ƙafa daga Abidjan har Legas, bankuna ma suka ji a jikinsu. A irin wannan rana, wanda bai san wata hanya ba sai ta sama, zai zauna yana kallon kwamfutocinsa biyu, wannan da kaya, waccan babu.

Ɗaukar kaya a hannu kuwa ba ƙauyanci ba ne. A watan Satumban 2009 wani kamfani a Afirka ta Kudu da ya gaji da nawar intanet ya yi wani gwaji da labarinsa ya zaga duniya. Aka ɗaura wa wata tattabara mai suna Winston ɗan memori a ƙafa, aka sake ta daga Howick ta nufi wajen Durban, tafiyar kimanin kilomita 80, a daidai lokacin da aka fara tura irin wannan kaya ta layin intanet. Tattabarar ta isa, aka kwance memorin, aka zuba kayan a kwamfuta, duka-duka cikin awa biyu da 'yan mintoci, layin intanet kuwa bai wuce kashi 4 cikin 100 ba. Masu kiwon tattabaru a Tudun Wada da cikin birnin Zariya za su ji daɗin wannan labari. Haka nan hoton farko na baƙin ramin sararin samaniya da masana suka nuna wa duniya ranar 10 ga Afrilun 2019: bayanan da aka haɗa shi da su sun kai kimanin giga miliyan 5, kuma a cikin rumbunan ajiya aka loda su a jirgin sama, domin babu layin da zai iya ɗaukarsu a kan lokaci.

Wannan ya kawo mu kan filashi, abokin tafiyar kowane ɗalibi a Samaru.

Waɗanda suka yi zirga-zirga a cibiyar kwamfuta ta Jami'ar Ahmadu Bello, mai ɗauke da sunan Farfesa Iya Abubakar, masanin lissafin da ya shugabanci jami'ar daga 1975 zuwa 1978, za su tuna zamanin faifan fulofi. Abin da yake ɗauka megabait 1.44 ne kacal. Hoto ɗaya na wayar yau ba zai shiga ba. Daga nan aka koma faifan CD mai megabait 700, sai DVD mai giga 4.7. Filashi ya shigo kasuwar duniya wajejen shekarar 2000 da megabait 8, yau kuwa mai giga 16 da ake ratayawa a jikin makulli ya fi ƙarfin fulofi 10,000. Ba ya son data, ba ya son sabis, ba ya son ilimi mai zurfi. Don ɗaukar takarda ɗaya ko biyu daga wannan kwamfuta zuwa waccan, har gobe babu kamarsa.

Illarsa ita ce yawo. Filashin da ya fito daga laftof ta ɗalibi da safe, kafin azahar ya shiga kwamfutar shagon buga takardu a bakin ƙofar jami'a, ya shiga ta abokin karatu, ya biya ta wajen masu tura fina-finai da wa'azi a kasuwar Samaru, da daddare ya dawo ya shiga kwamfutar maigida. Kamar moɗar randar bakin hanya yake, kowa ya zo ya kafa baki. Ita kuwa kwamfutar shago, wadda filashi iri-iri ke shiga cikinta tun safe har dare, in mai ita bai kula da kariyarta ba, ta zama matattarar ƙwayoyin cuta. Tsohuwar hanya ce. Bairos ɗin Brain, wanda wasu 'yan'uwa biyu suka rubuta a Lahore ta Pakistan a 1986, ta fulofi ya bazu. Stuxnet, wanda aka gano a 2010 bayan ya yi ɓarna a tashar nukiliyar Iran da ke Natanz, an ƙera shi ne ya riƙa bin filashi don ya isa kwamfutocin da ba su da alaƙa da intanet.

Bairos ɗin da ya fi addabar mutanenmu shi ne wanda ake kira shotkat. Mutum ya soka filashi, sai ya ga foldojinsa duk sun koma wasu 'yan alamomi masu kibiya a gefe, ko kuma ya ga wayam. Hankali ya tashi. Wani a gefe ya ce, "Ai ya ci bairos, sai dai a yi masa fomat." A nan ne ake yin asarar gaske, domin a mafi yawan lokuta kayan suna nan daram, ɓoye su kawai aka yi. In aka duba, za a ga filashin har yanzu a cike yake. Abin yi shi ne kada a danna waɗancan alamomi, domin dannawar ce ke sakin cutar a cikin kwamfuta. A wanke filashin da manhajar kariya, sannan a umarci Windows ta nuna ɓoyayyun fayiloli har da waɗanda take karewa. Duk mai gyaran da ya san aikinsa zai yi wannan cikin 'yan mintoci. Wanda ya fara da maganar fomat tun bai duba ba, a karɓi filashi a yi gaba.

Sai jabu. Akwai filashin da aka rubuta wa giga 64 ko 128 a jiki, kwamfuta ma ta nuna haka, alhali abin da ke ciki bai fi giga 8 ba. An yi wa ƙwaƙwalwarsa dabara ne ta riƙa faɗin ƙarya. Muguntar abin ita ce ba ya ƙin karɓar kaya. Zai yi ta karɓa, sunayen fayiloli su jeru reras, amma abin da ya haura ainihin cikinsa ya tafi, ko ya hau kan na farko ya murƙushe shi. Sai ranar da aka zo buɗewa a ga bidiyo ba ya tashi, takarda ta koma shirme. Arha mai yawa ita ce alama ta farko. Gwajinsa kuwa shi ne a cika shi taf da kayan da ba a damu da su ba, a cire, a mayar, a buɗe na farko da na ƙarshe. Akwai ƙaramar manhaja kyauta mai suna H2testw da ke yin wannan aiki. Bai kamata filashin da ba a gwada ba ya ɗauki kayan da babu kwafinsu a wani wuri.

Wani abin da ke rikita mutane: filashi na da sarari giga 20, amma ya ƙi karɓar bidiyon biki mai giga 5, ya ce ya yi girma. Lafiyarsa ƙalau. An tsara shi ne da tsohon tsarin FAT32, wanda ba ya ɗaukar fayil guda da ya kai giga 4. In aka kwashe abin da ke ciki, aka sake tsara shi da exFAT, magana ta ƙare, kuma zai yi aiki a Windows da kwamfutocin Apple baki ɗaya.

To amma hanyar da wannan sharhi ke son jan hankali a kanta ita ce wadda aka fi mantawa da ita: a haɗa kwamfutocin biyu su yi magana da juna kai tsaye, ba ɗan aike.

Mafi sauri shi ne kebul ɗin netwok, irin mai kan roba da ake gani a ofisoshi da tsofaffin kafe. Mita biyu ko uku ya isa, kuma ana samunsa a shagunan kayan kwamfuta na Samaru da PZ. A da sai an nemi na musamman wanda aka juya wayoyin cikinsa, amma kwamfutocin da aka ƙera a shekarun baya-bayan nan suna gane juna da kowane iri. A soka kai ɗaya nan, ɗaya can, a shaida wa Windows cewa wannan haɗi na gida ne, a kunna raba fayiloli, a zaɓi foldar da ake so a buɗe wa ɗaya ɓangaren, a sa mata kalmar sirri. Ranar farko akwai 'yar wahala, ba a ɓoye ba. Wani lokaci kwamfutocin kan ƙi ganin juna sai an yi 'yan gyare-gyare, kuma nan ne ɗan gidan da ke karanta kimiyyar kwamfuta zai biya kuɗin tuwonsa. Amma a duba ribar. In duka biyun suna da mashiga mai gudun gigabit, kaya na iya tafiya da kusan megabait 100 a daƙiƙa guda, wato giga 50 cikin abin da bai fi minti 10 ba in rumbunan suna da ƙarfin bi. Ko da tsohuwar mashiga ce mai kashi ɗaya cikin goma na wannan gudu, awa ɗaya da 'yan kai ta isa. A kwatanta da Bluetooth, wanda giga 1 tak kan ci masa fiye da awa. Sababbin laftof sirara da yawa ba su da wannan mashiga, amma akwai ɗan adafta da ake sokawa a ramin USB ya maye gurbinta.

Gargaɗi ɗaya a nan: kada a ɗauki kebul ɗin USB mai faffaɗan kai iri ɗaya a ɓangarorin biyu a haɗa kwamfuta da kwamfuta. Kowacce tana turo wuta ta wannan rami, ana iya ƙona wani abu. Wanda aka yi don wannan aiki daban yake, yana da ɗan kumburi a tsakiya mai na'ura a ciki.

Wanda ba ya son kebul, wayar da ke aljihunsa ta wadatar. Matasan Bomo sun daɗe da sanin Xender. Sun san waya na tura wa waya fim ba tare da an taɓa data ba. Abin mamaki shi ne da yawa ba su san kwamfuta ma haka take ba. A yawancin wayoyin Android ana iya kunna hospot alhali data a kashe take. Kwamfutocin biyu su hau wannan hospot, ko su hau 'yar na'urar waifai ta gida ko da kuɗinta ya ƙare, shi ke nan sun zama 'yan ɗaki ɗaya. Tun 2018 Windows 10 ke ɗauke da wata hanya mai suna Nearby sharing, wadda ke barin kwamfuta ta miƙa wa ta kusa da ita fayil. Akwai kuma LocalSend, manhaja ce kyauta da ke aiki a Windows da Linux da kwamfutocin Apple da wayoyi, ba ta neman rajista, ba ta fitar da kayan mutum waje. Sau ɗaya kawai ake amfani da data a sauke ta. Gudun bai kai na kebul ba, amma kobo ba ya fita, kuma hotunan iyali ba su bar cikin gida ba.

Sai dai ƙofar da aka buɗe don ɗan'uwa, ɓarawo ma na iya bi. A watan Mayun 2017 cutar WannaCry ta kama kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150, ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila da dama, kuma ta wata tsohuwar kafar raba fayiloli ta Windows ta bi. Darasin ga mai laftof a Samaru mai sauƙi ne: raba fayil a gida da kalmar sirri, in an gama a rufe, kada a ɗauki kwamfuta a shiga waifai na jama'a da folda a buɗe. Tsohuwar kwamfutar da har yanzu ke kan Windows 7, wadda aka daina bai wa kariya tun Janairun 2020, gara a haɗa ta da kebul kawai a kwashe kaya, kada a bar ta tana yawo a intanet.

Akwai kuma abubuwan da ba sa bin kaya ko ta wace hanya aka bi. Mutum ya kwafe alamar da ke fuskar kwamfutarsa, ya ɗauka ya kwafe furojet, ashe ɗan manuni ne kawai mai nauyin kilobait 1 ko 2. Ainihin takardar tana can inda take. Duba nauyin fayil kafin a tashi yana maganin wannan. Manhajoji irin su SPSS da AutoCAD, waɗanda ɗaliban kimiyya da injiniya ke dogara da su, ba a kwafe su kamar hoto. Sai an sake ɗora su a sabuwar kwamfuta, da lasisinsu.

Abu na uku da ba ya bin kaya ya shafi Hausa kai tsaye, kuma ya kamata a ce Zariya, garin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, ta fi kowa kula da shi. Lokacin da kwamfuta ta shigo, ba ta zo da haruffanmu masu lanƙwasa ba. Sai masana suka ƙera nasu salon haruffa. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero na cikin waɗanda suka yi wannan hidima a shekarun 1990, da haruffan da ake kira Rabi'at da Abdalla. Dabarar irin waɗannan haruffa ita ce a ari wani maɓalli da Hausa ba ta amfani da shi, a sa masa rigar harafi mai lanƙwasa. Wasu sun ari q da x da v, wasu sun ari alamomin baka. Muddin salon haruffan na cikin kwamfutar, rubutu zai fito tsaf. Ranar da takardar ta koma kwamfutar da ba ta da shi, rigar sai ta faɗi: ƙasa ta koma qasa, ɗaya ta koma xaya, ɓera ya koma vera, ko kuma shafi ya cika da baka-baka. Ɗaliban sashen harsunan Afirka da marubuta littattafan Hausa sun san wannan ciwo, kuma akwai kundaye da rubuce-rubuce masu daraja da ke kwance a tsofaffin kwamfutoci a wannan hali. Wanda zai kwashe irin wannan kaya, ya kwashe har da fayil ɗin salon haruffan ya ɗora a sabuwar kwamfuta, ya kuma ajiye kwafi ɗaya a tsarin PDF tun daga tsohuwar, inda rubutun ke fitowa daidai. Sabon rubutu kuwa a yi shi da haruffan Unicode, waɗanda kowace kwamfuta da waya ta zamani ke ganewa. Abin takaici ne a ce aikin malamin da ya shekara 30 yana tattara karin magana ko tarihin masarauta ya lalace a kan abin da bai fi minti biyar ba.

In tsohuwar kwamfutar ta riga ta mutu fa, ko kunnuwa ba ta yi? Ba a yanke ƙauna. Sau da yawa allo ne ko wajen wuta ya lalace, rumbun ajiyar yana nan lafiya. Masu gyara a Sabon Gari da Samaru kan ciro shi su sa a wani ɗan gida mai kebul ɗin USB, sai ya zama kamar babban filashi. Abu biyu ne za a kiyaye. Sababbin kwamfutoci da yawa na kulle rumbunsu da tsarin BitLocker ba tare da mai su ya lura ba, kuma in an ciro rumbun ba zai buɗu ba sai da wani mabuɗi mai lamba 48, wanda galibi ke ajiye a asusun Microsoft na wanda ya fara saita kwamfutar. Wanda ya sayi ta hannu, ko ya bar yaron shago ya buɗe masa asusu da adireshin da bai sani ba, ya binciki wannan tun kwamfutar na da rai. Na biyu, rumbu ba ya zaɓar abin da zai nuna. Hotunan matan gida, takardun banki, sakamakon asibiti, duk suna buɗe ga wanda ya riƙe shi. Mafi yawan masu gyara mutanen kirki ne masu neman halal, amma ba rashin yarda ba ne mutum ya ja kujera ya ce, "Malam, zan jira a yi a gabana."

Ranar kwashe kayan, a yi kwafi, kada a yanke. Bambancin na bayyana ne lokacin da aka ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, abin da ba baƙo ba ne a Bomo. Laftof na da batir, amma kwamfutar tebur nan take za ta mutu. Wanda ya yi kwafi, sai ya sake farawa. Wanda ya yanke, zai tarar da kayansa rabi nan rabi can, bai san inda aka tsaya ba, watakila filashin ma ya ce sai an yi masa fomat. Don haka babban aiki a yi shi lokacin da batir ke cike ko janareta na aiki, kuma a kwashe folda-folda maimakon a jibga komai a tashi ɗaya. In an gama, a duba yawan fayiloli da nauyinsu a ɓangarorin biyu a ga sun yi daidai, a buɗe wasu daga ciki, musamman bidiyo da manyan takardu. Kada a fizge filashi ko rumbun waje yana tsakiyar rubutu.

Gida mai kwamfuta biyu yana da wata dama da mai ɗaya ba shi da ita, kuma yawanci ba a amfani da ita. Masu harkar adana bayanai kan ba da shawarar kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wajen gida. Ɗalibin da furojet ɗinsa ke cikin laftof, kwafi na cikin kwamfutar mahaifinsa, wani kuma na Google Drive, ya cika wannan sharaɗi ba tare da ya sayi komai ba, kuma a nan ne intanet ke da amfaninta na gaskiya, domin takardar furojet ba ta da nauyi. Wanda ya zuba laftof da filashi da rumbun waje a jaka ɗaya ya hau Keke Napep zuwa Kwangila, kwafi ɗaya ne da shi, ko da ya ɗauka uku ne.

Ita kuma tsohuwar kwamfutar, kada a yi gaggawar rabuwa da ita. A bar ta da kayanta mako biyu ko uku, domin a cikin waɗannan kwanaki ne ake tuna abin da aka manta: kalmomin sirrin da ke ajiye a manhajar shiga intanet, foldar saukar da kaya, wata takarda da aka jefa a wani lungu tun 2016. In lokacin miƙa ta ga ƙane ko sayar da ita ya yi, a sani cewa gogewa ta yau da kullum, har da fomat na gaggawa, ba ta share kaya. Suna kawai take cirewa, kuma akwai manhajojin da ke dawo da su. Windows 10 da 11 suna da hanyar mayar da kwamfuta sabuwa, a cikinta akwai zaɓin share rumbu gaba ɗaya. Yana iya ɗaukar awoyi, don haka a jona ta a wuta, a fita daga asusun imel da na WhatsApp tukuna, sannan a danna.